Baƙon da Na Wakilta Ya Yi Mini Jifa a Mina

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, na nesa kuma ku ba ni aron kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, abu ne da ya faru a kaina. Ni ban yi karatu ba, ina faɗa ne ana rubutawa, don haka in kun ga karkata, daga bakina take.

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina suka fara ƙi na amma ni ban yarda ba tukuna, ɗana ya shigo gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka da wani baƙo ranar wata Juma'a. Ɗan nawa direba ne, motar alhazai yake ja daga tashar Kudai. Baƙon dogo ne, baƙi kamar mu, sai da ya karkata kafaɗa kafin ya shige ƙofa. Ina ganinsa na ce namu ne. Na gaishe shi da Hausa, ya yi murmushi kawai. Na sake gaishe shi, ya sake murmushi. Sai na juya na tambayi ɗana wane gida ne aka haifi wannan ƙato ba a koya masa amsa gaisuwar manya ba.

Ɗana ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce mutumin bai san ko "sannu" ba, daga wani tsibiri yake can bayan teku, wajen Amurka, ana ce wa ƙasar Dominika. Bai daɗe da musulunta ba, ya zo Makka koyon Larabci da addini, a masallacin unguwa suka saba. Kunya ta kama ni, na shige madafa na ƙara masa nama.

Shinkafa da wake na dafa ranar. Da ya kai loma ɗaya sai ya tsaya, ya ce abincin mahaifiyarsa ke nan, haka take yi kullum ta Allah. Daga nan ya zama ɗan gida. Kowace Juma'a bayan an sauko yana nan. Larabcinsa na littafi ne, in zai nemi ruwa sai ka ce huɗuba zai fara, ni kuma nawa na kasuwa ne, amma muna gane juna. Ummi yake ce mini.

A bakin tire na ji tarihinsa, kaɗan yau, kaɗan wani mako. Ya ce ƙauyensu duk rake ne, mahaifinsa yankan rake ya yi har bayansa ya lanƙwashe. Yaran garin wasa ɗaya suka sani, suna ce masa besbol. Mutum ɗaya ya tsaya kan ɗan tudun ƙasa ya jefa ƙwallo ƙarama mai tauri kamar dutse, wani ya tsaya da gora yana jiran ya doke ta. Gwanintar mai jifa ita ce mai gora ya kai duka ya sami iska. Su da tsumma suke naɗa ƙwallonsu, sandar tsintsiya ce gorarsu. Yana da shekara goma sha shida wasu mutane suka zo suka ga hannunsa, suka ɗauke shi zuwa wani sansani, daga can sai Amurka. Ya yi shekaru yana yawon ƙananan garuruwa cikin mota, bai iya yaren ba, abincin da yake iya nunawa da yatsa shi yake ci. Daga baya ya kai babban fili, inda ya ce jama'a kan cika kamar Harami a goman ƙarshe na azumi. Ya gina wa mahaifiyarsa gidan siminti, ya raba mahaifinsa da adda.

Na ce masa, yanzu don Allah har biyan mutum ake don ya yi jifa? Ya ce ƙwarai. Na ce ashe da na san haka da ban hana ɗana jifan ƙadangaru ba. Amma in na tambaye shi me ya raba shi da sana'ar, sai ya ce ta ƙare, ya mai da ido kan abinci. Ban matsa ba. Wata rana ba ya nan, ɗana ya nuna mini shi a waya yana matashi, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama kamar zalɓe, ya saki hannu. Ban ga ƙwallon ba sam, ƙararta kawai na ji.

To, a shekarar nan likita ya dubi gwiwoyina ya ce in akwai wani aikin Hajji da nake da niyya, in yi shi bana. Kuma akwai. Na yi nawa, na yi wa maigidana bayan rasuwarsa, amma mahaifiyata, wadda ta rasu a ƙauyenmu ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, kullum sai in ce baɗi. Mu mazauna Makka mun fi kowa jinkiri, don muna ganin abin a bakin ƙofa yake. Ranar da aka ɗauko ni daga gida ina amarya, abin da ta ce mini shi ne in na je in tuna da ita. Shekara sama da arba'in ina ɗauke da maganar.

Tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ya fito mini, ni da maƙwabciyata, wata 'yar Sakkwato mai baki kamar reza. Baƙonmu ma zai yi Hajjinsa na farko, ɗana ya yi ƙoƙari aka haɗa mu ayari ɗaya don ya kula da ni. Shi ɗana ba zai ɗaura harami ba, yana kan sitiyari dare da rana. Saura abu ɗaya, jifa. Tafiyar daga tanti zuwa wurin jifa ta fi ƙarfin ƙafafuna, kuma an yarda tsoho ya wakilta wani, amma sai wanda shi ma yake cikin aikin Hajjin, ya fara yin nasa sannan ya yi na wanda ya aike shi. Ɗana ya fita daga lissafi ke nan.

Wata Juma'a muna zaune, maƙwabciyata ta shigo ta fara halinta. Ta ce gara in nemi wakili tun da wuri, don in aka bar ni da tsakuwa, ƙeyar wani alhaji zan fasa in ce Shaiɗan ne. Ni kuwa abin ya zo mini a kai kamar an yi mini wahayi. Na nuna baƙonmu na ce, ni da Allah Ya kawo wa gwanin jifa na duniya har gida? Na ce uwata ta yi sa'a, jifanta ba na kowa ba ne, wanda Amurka ta biya ne zai yi mata.

Hannunsa yana cikin tire, sai ya tsaya cak. Ɗana ya ce a hankali, "Inna, a bari mu nemi wani cikin ayarin." Na ce kishi yake don ba shi aka zaɓa ba. Baƙon ya ɗago ya ce, "Na karɓa, Ummi." Ni ban ga komai ba sai nasarata. Kafin mako ya zagayo, babu matar da ba ta ji labari ba a layinmu, rabi daga bakin maƙwabciyata, rabi daga nawa. Sai daga baya ɗana ya gaya mini cewa shi ma bai san dalili ba, ya dai lura in ƙwallon yara ta gangaro gaban mutumin a hanya, ba ya jefa musu, sai ya ɗauka ya taka ya miƙa musu hannu da hannu.

Muka yi Arfa lafiya. Ya yi mini hidimar da ko ɗan cikina sai haka, lema a hannu ɗaya, ruwa a ɗayan. A Muzdalifa, bayan Asuba da gari ya yi haske, ya durƙusa yana tsinto mana tsakuwa. Ina zaune ina kallonsa. Kowace ya ɗauka sai ya juya ta tsakanin yatsu uku, ya ajiye, ya ɗauki wadda ta fi ta ƙanƙanta. Na ce wa maƙwabciyata dubi aikin gwani, har zaɓe yake.

Da muka isa Mina ya ajiye ni a tantin mata, ya tafi da tsakuwa goma sha huɗu, bakwai nasa, bakwai na mahaifiyata. Hantsi ya yi, maƙwabciyata ta je ta dawo da ƙafafu a kumbure. Maza suka dawo, wasu har sun yi aski. Azahar ta wuce. Sai can aka ce ana sallama da ni a bakin tanti.

Na fito ina dogara sanda, na same shi tsaye cikin rana, haraminsa ya jiƙe sharkaf. Na ce an gama? Ya buɗe tafin hannunsa. Suna nan duka, sun yi masa shaida a fata saboda damƙa. Ya ce bai yi ba, ko nasa ko na mahaifiyata, hannunsa ya ƙi.

Zan faɗi abin da na ce masa, don in na ɓoye ban ba ku labarin gaskiya ba. Na ce uwata ta jira shekara arba'in a kabari, shi kuma ya zo yana ce mini hannu ya ƙi. Na ce ƙato kamarsa, abu ɗaya tak ya iya a duniya, shi ma ya kasa, to amfanin me ke gare shi. A gaban mata na faɗa, da ƙarfi, cikin Larabcin da na tabbata ya gane.

Bai kare kansa ba. Ya roƙe ni in zauna, ya jawo mini kujera zuwa inuwa, ya tsuguna nesa kaɗan. A nan na ji sauran tarihin da yake yankewa a bakin tire.

Ya ce yana da aboki tun suna yawo ba takalmi, gidajensu na kallon juna. Shi mai jifa, abokin mai gora. Tare aka ɗauke su sansani. Idan wasan Amurka ya tsaya, sukan koma gida su yi na ƙasarsu, kuma a wata shekara suka faɗo ɓangare daban-daban. Ranar da za su kara, a gidan mahaifiyar abokin suka ci abincin rana, suna tsokanar juna. Ya ce a wasan akwai wata dabara, in mai gora ya matso da yawa, sai ka jefa ƙwallon daf da jikinsa don ya ja baya. Kowa yana yi. Abokin ya matso yana yi masa murmushi.

"Ba zan ce kuɓuce mini ta yi ba, Ummi. Ni na zaɓi in tsorata shi. Na saba in sa ta inda nake so. Ranar nan ƙwallon ta hau sama da faɗin hannu ɗaya."

Ta same shi ƙasa da hular kwano, bayan kunne. Bai mutu ba. Ya tashi bayan kwanaki, ba magana, ɓarin jiki ɗaya a mace, ga shi da mata da jariri. A asibiti mahaifiyar abokin ba ta zagi baƙonmu ba, ta kama hannunsa na dama ta juya shi tana kallo kamar tana neman wani abu a ciki. Shi kuma ya yi mata alkawari hannun nan ba zai sake jefa komai ba har ya mutu. Bai koma fili ba. Garin ma ya kasa zama, ya koma Amurka yana dako a wani sito, a can ya zauna da wasu Musulmi 'yan Afirka har Allah Ya shirye shi. Aike yake yi wa gidan abokin, amma ƙafarsa ba ta sake taka ƙauyen ba.

Ya ce ya tambayi malaminsu tun kafin Hajji, malam ya ce alkawarin ba ya hana ibada, kuma shi ma ya yarda. Ya ɗauka zai iya. Ya ce da na wakilta shi ya ji kunyar ya ce wa uwa a'a. Amma da ya isa wurin ya ɗaga hannu, sai ya ga abin da bai yi tunani ba. "Duk inda na duba kawunan mutane ne, Ummi. Ko hula babu a kan kowa." Tun hantsi yake tsaye, jama'a na ture shi, yatsun sun ƙi buɗewa.

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya iya zubar da su a hanya ya dawo ya ce an yi, da har yau ina alfahari ban san komai ba. Maƙwabciyata, wadda ta ji komai ta bayan labule, ta fito da murya ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji daga gare ta ba. Ta ce maza sun cika tanti, a ba wani bakwai ɗin mahaifiyata ya je ya yi kafin rana ta faɗi, magana ta ƙare. Gaskiyarta ne, da an yi haka Hajjin uwata ya tsira. Amma na dubi hannun nan na ga in an cire bakwai, saura bakwai, kuma babu mai ɗauke masa su, don lafiyayye ba ya wakilta kowa.

Na ce masa ya je ya nemo arabiyya, keken nan da ake tura marasa ƙarfi. Ya ce gwiwoyina fa. Na ce ai ba gwiwoyina za su tura ba.

Bayan La'asar muka kama hanya, jama'a sun ɗan ragu. Numfashinsa kawai nake ji a bayana. Da muka isa na ce kada ya tsaya daga baya, ya kutsa da ni har bakin katangar da tsakuwa ke zuba cikinta. Masu tsaro suka ga tsohuwa suka buɗa mana. Na dafa katangar na miƙe, na ji gwiwoyin kamar ana soka musu allura. Na karɓi bakwai daga hannunsa, na yi niyya don mahaifiyata, na jefa ɗaya bayan ɗaya da kabbara. Ban san sanda hawaye suka zo ba, na ga dai ina kiranta Inna a fili kamar yarinya.

Da na gama ban zauna ba. Na jawo shi ta gefen harami na tsayar da shi inda nake, cikinsa na taɓa katanga. Na ce ya duba gabansa ya gaya mini kan wa yake gani. Ya ce babu kowa, sai bango da rami. Na ce to ba a ce ya nuna ƙarfi ba, ba a ce ya sami komai ba, ta faɗa ciki kawai, kamar yadda ake watsa wa kaji tsaba. Ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama. Mutane na zuwa suna yi suna tafiya, mu muna nan. Ƙafafuna suka fara gaya mini ba za su daɗe ba. Na sa tafina ƙarƙashin gwiwar hannunsa na riƙe, na ce ni zan yi kabbara, shi ya buɗe yatsu.

A kabbara ta uku ta fita. Ko bangon ba ta kai ba, ta faɗa bakin ramin daga ciki, jifan da ɗan yaye zai fi shi. Na ce masa, "Don wannan aka biya ka a Amurka?" Ya yi wata irin dariya, dariyar ta karye ta koma kuka, ya cusa fuska cikin haraminsa. Na bar shi ya yi. Sannan ya ƙarasa shidan, kowace sai na riƙe masa hannu. Kwana biyun da suka biyo baya haka muka yi, shi ya tura ni, ni in tsaya a gefensa. A rana ta ƙarshe bai buƙaci in riƙe shi ba.

Ni na ɗauka an gama, har ina lissafin wace yarinya za mu nema masa a unguwa. Bayan Hajji da mako biyu ya zo ranar da ba Juma'a ba, ya zauna bakin ƙofa ya ce zai koma gida. Ya ce ya karya alkawarin da ya yi wa wata uwa, ko da don Allah ya karya, dole ta ji daga bakinsa. Ya kuma ce ya gane hana hannunsa jifa bai taɓa juya abokinsa a kan gado ba, bai taɓa yi masa wanka ba. Na kawo dalilai iri-iri, karatunsa, zaman Makka da mutane ke nema da kuka. Ya saurare ni har na gaji, ya ce in yafe masa. Ni ce ya kamata in fara faɗin haka, sai ya riga ni. Na ce masa maganar da na yi a bakin tanti fa. Ya ce uwa ce ta yi ta don uwarta.

Har yau in na ga ƙaƙƙarfan mutum ya noƙe daga abu mai sauƙi, ina kama bakina. Na kai shekarun da nake ganin na san mutane, ashe mutum zai ci abincinka shekara guda ba ka san abin da ya hana shi barci ba. Na ɗora masa kaya a wurin da ya fi masa ciwo, don in burge matan layi. Allah Ya juya abin ya zama alheri ta wani gefen, amma wannan aikin Allah ne, ba wayona ba.

Maƙwabciyata ta rasu bayan shekara uku, an yi mata salla a Harami, kuma har ta bar duniya ba ta ba kowa labarin abin da ta ji ta bayan labule ba. Ɗana ya bar tuƙi saboda ciwon baya, yana da ɗan shago a Kudai, ta wayarsa nake jin labarin can. Ni tun daga Hajjin nan ban sake zuwa Harami da ƙafata ba, sai a kan arabiyya.

Da baƙonmu ya koma gida, abokin nasa ya gane shi ranar da ya shiga, ya kama rigarsa da hannun da ke motsi ya ƙi saki. Shekara huɗu baƙonmu yana yi masa wanka, yana juya shi, yana fito da shi shan iska, har abokin ya cika a hannunsa. Shi kuwa yana nan a ƙauyen raken, bai yi aure ba, shi kaɗai ke salla a garin, yana ɗaukar nauyin karatun ɗan da abokin ya bari.

Mahaifiyar abokin tana raye, ta tsufa kamar ni. Ta saurari abin da ya je gaya mata, ta bar masa ƙofa a buɗe duk shekarun jinya, amma ba ta ce masa uffan ba, kuma har yau ba ta ce ba. Kowace safiya yakan kai mata cefane ya ajiye a bakin ƙofa, ta fito ta ɗauka bayan ya juya. Ni ma uwa ce, ban ga laifinta ba. Ina dai roƙon Allah a kowace salla Ya buɗe bakinta kafin ɗayansu ya tafi.